Matakala Bakwai

Bakwai ne. Da tafin hannuna na ƙirga su
ran da na je ofishin magajin garin Tawa
karɓar takardar haihuwar ɗiyata.
Na bar kekena a rana, ƙarfensa na shan wuta,
na zura hannuwa cikin silifa biyu,
na fara hawa.
A ta uku wani saurayi ya ce, "Baba, sannu,"
bai jira amsata ba, ya saɓe ni
kamar buhun albasar Galmi,
ya dire ni gaban tebur.
Na yi godiya. To, me zan ce?
Sakatare bai ɗaga kai ba,
ya laluba aljihu, ya miƙo dala biyar.
Na ce, "Mushe, hatimi na zo nema."

Ni ne Nomau mai walda.
Rabin ƙofofin Gweben Zogi ni na haɗa su.
Ƙafa shan-inna ta ɗauka, ba ta ɗauki suna ba.

Ran Laraba muke taro, gindin bedi bayan asibiti,
mu goma sha tara, in rana ta ƙwalle sha biyu.
Kuɗin ƙungiya na cikin gwangwanin madara,
Arzika makaho ne ma'aji,
tsaba ba ta yi wa yatsansa ƙarya.
Ige tela ba ta ji,
amma ta fi mu duka surutu:
hannuwanta na faɗa, suna dariya,
suna gulmar shugaba yana zaune kusa da ita.

Muka sayi littafi mai baƙin bango,
muka bi gari gida-gida.
"Salamu alaikum, akwai namu a ciki?"
"Babu kowa."
Amma ga tari daga ɗakin baya,
ga kwano ɗaya da ake kaiwa can a rufe.
A Bilbis muka iske Sahiya,
shekara goma sha ɗaya,
tana jin hayaniyar kasuwa kullum,
ba ta taɓa ganin launin tattasai a faifai ba.
Uwar ta ce, "Wallahi ba ƙi ba ne.
Idon mutane nake tsoro."
Ige ta kama haɓar yarinyar,
ta juya fuskarta wajen ƙofa.

Da ƙarfen tsohon gado na ƙera mata keke.
Ta ce kore take so. Kore na shafa.

Takarda bakwai muka rubuta wa magajin gari,
kowace matakala da tata.
Baƙi sun zo daga Yamai da huluna masu rubutu,
suka ɗauki hoto, suka sha ruwa, suka koma.
Damina biyu ta wuce
kafin siminti buhu shida ya sauka.
Magini ya yi gangara tsaye kamar dutsen Adar.
Bizo ya gwada, ya dawo da baya
har cikin teburin mai ƙosai.
Mun yi dariya sai da hawaye suka zo,
sannan muka ce a fasa.
Karo na biyu mu muka riƙe igiyar awo.

Ka san wa ya fara bi?
Wata tsohuwa da sandarta.
Sai mai ciki, sai mai turo kurar ruwa,
sai sakataren da kansa,
yana tura babur ɗinsa cikin inuwa.
Ban ce komai ba. Arzika ne ya yi gyaran murya.

Bayansu Sahiya ta murza koren kekenta,
a hankali, harshe a waje, gumi a goshi,
ba wanda ya taɓa ta.
Ta tsaya gaban tebur, ta faɗi sunanta da ƙarfi,
da sunan uba, da unguwa.
Ya ɗaga kai.

Gobe sai lakwal ɗin unguwarsu.
Huɗu ne a can.
Na riga na ƙirga.