Kunne Ya Riga Baki

Da aka turo ni Dukku duba shanu,
na zo da allura, da takalmin roba,
da kalmomin Fulatanci ɗari uku a waya,
a jere kamar buhuna a sito.

Ranar kasuwa na kwance buhun farko
a gaban Arɗo Jungudo.
Ya dube ni, ya dubi sandarsa,
ya ce da Hausa, "Likita, sannu da ƙoƙari."
Matan da ke bayansa suka kare baki da faifai.
Ashe kwana na tambaye shi, ga rana ta take tsaka.

Daren nan na ɗaure bakina.
Na bar wurin da waya ke cewa in maimaita,
na koma inda take magana ita kaɗai.
Muryar wata mata ce, ban san garinsu ba,
tana jan wasali kamar mai jan guga,
ta saki, ta ɗan tsaya.
Tsayawar ma ashe magana ce.

Ina wanke sirinji, tana kunnena.
Ina kan babur hanyar Hashidu, tana kunnena,
caji ya ƙare, in ci gaba da jin ta a ka.
Nagge guda, in sun taru na'i:
sai da na ji sau ba adadi na gane
kalma na sauya fuska in ta shiga jama'a.

Wata biyu ban ce uffan ba.
Tanimu ya ce kuɗin data nake ƙonawa.
Na ce ƙasa ma sai ta sha take tsiro.

Sai wata asuba maraƙi ya ƙi fitowa,
hannuna a ciki har kafaɗa,
yaro na riƙe da tocila yana rawar jiki.
Ya jefo tambaya da sauri, na amsa,
na ce ɗaga wutar, kama wutsiyar.
Sai da maraƙin ya faɗo kan ciyawa yana atishawa
na lura ba da Hausa muka yi ba.

Arɗo bai yabe ni ba.
Ya miƙo ƙwaryar nono,
ya ɗauko labarin wata annoba ta zamanin ubansa,
mai tsawo, bai fassara ko kalma ɗaya ba.
Rabi ya wuce ni.
Na gyara zama, na ba shi kunne.