Kunne da Hatimi

Shekara goma sha tara ina sayar da sanyi a Fagge:
firji, iyakwandishan, injin ƙanƙarar masu kifi.
Kwampreso in ya yi tari daga bakin titi,
na san ciwonsa kafin in kafe babur.
Yara bakwai na yaye, kowa da rumfarsa.
Ba wanda ya taɓa cewa, "Haladu, ina takardarka?"

Yau a Kolumbus sunana mai koyo.
Ni ne ɗaukar tsani, ni ne riƙon tocila.
Wendell, sa'an autanmu,
shi ke da lamba a jikin mota,
shi ke sa hannu in an gama.
Matakala ce, in ji shi, hawa uku:
mai koyo, gwani, sai mai lasisin kansa.
Ba a tsallake, awoyi ake ƙirgawa.
Na ce, "To awoyin Fagge fa?"
Ya sosa ƙeya. "Ba su da hatimi."

Watan Yuli, a rufin wani kantin wanki,
kwalta na kama takalmi,
na kara kunne na ce, "Kafasita ce."
Ya jona ma'auni, ya buɗe littafi, ya buga waya,
minti arba'in, sannan ya ce, "Kafasita ce."
Na haɗiye dariya da ruwan gora.
Daren nan na ce wa Ladidi,
takarda ba ta ɗaure noti.

Sai Janairu.
Sanyi kyauta, har ɓargo, ba mai saye.
Gidan wata tsohuwa, Odessa, can kudancin gari,
kwana shida kanta na sarawa, kyanwarta ta ƙi abinci.
Muka sauka ɗakin ƙasa. Na kara kunne ga injin ɗumi,
yana gurnani kamar ƙosasshen sa.
Na ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau."
Wendell bai tanka ba. Ya zaro 'yar na'ura rawaya,
ta fasa kuka kamar ɗan tsako a bakin shirwa.
"Buɗe tagogi! Fitar da ita!"

Iska ce. Ba launi, ba wari,
ba abin da kunne zai kama.
Wani mai araha ne ya haɗa bututun hayaƙin bara,
ya karɓi kuɗi a hannu, bai bar lamba ba.
Na haska aikinsa da tocila.
Hannu ne mai kyau, wallahi.
Irin nawa.

Muka tsaya a waje, tsohuwa cikin bargo,
kyanwa cikin rigata tana yaƙushi,
ban ce uffan ba har motar asibiti ta tafi.

Yanzu bayan lisha ina teburin kicin,
tabarau a karan hanci, littafin doka kamar bulo,
'yata Hajjo na yi mini bita:
"Baba, faɗin bututu. A'a. Sake."
Awa dubu uku da ɗari shida da goma ke rubuce,
saura da yawa, gemu kuwa ba ya jira.

Jiya a wani ɗakin ƙasa Wendell ya ajiye ma'auni,
ya manna kunne ga ƙarfe, ya yamutsa fuska.
"Ni ban ji komai ba. Koya mini."
Na ce, "Awoyi ake ƙirgawa.
Ɗauko tsani."