Akwai Ruwa a Tsakani

Tallinn, ƙarfe huɗu, rana ta riga ta faɗi.
Triinu na hawa na uku,
shayinta ya huce, ƙanƙara na lasar taga.

Shekara biyu tana rubuta wa uwar garke wasiƙu:
adireshi, hatimi, doguwar gaisuwa,
sannan ta zauna tsintar amsa
kamar mai fidda tsakuwa daga shinkafa.
Harafi ɗaya ya kauce,
tikitin jirgin ruwa ya salwanta a hanya.

Yau ta share su duka.
Ta bar sunan aikin kawai: sayi tikiti.
Ta kira shi kamar yana ɗakin da ke kusa,
daga can Frankfurt ya amsa.
Ta yi dariya ita kaɗai.

Haka kakarta take yi a tsibirin Muhu.
Ta tsaya bakin gaɓa ta ce, "Endel!"
Ba kwatance, ba bayani.
In iska ta cinye kiran ta sake,
ko sau biyar ta kira
miji ɗaya ne zai dawo, yana ƙarnin kifi.

Ran Laraba sabis ya yanke wa wani fasinja.
Ya danna. Shiru.
Ya sake dannawa.
Uwar garke ba Endel ba ce:
kira biyu, tikiti biyu, kuɗi biyu.

Triinu ta kwana tana ɗaura wa kowane kira shaida,
don na biyu ya tarar an san shi.
Da asuba ta manna 'yar takarda a gefen allo:
muryar ce ta matso,
tekun yana nan inda yake.