Tara a Ɗebe Tara

Daren da Gulbi ya shigo gari ba sallama,
na ji katangarmu ta durƙusa kamar raƙumi.
Ƙasa ta koma ƙasa.
Buhun gyaɗa huɗu, keken ɗinkin Lai'atu,
da akuyar da muke jiran haihuwarta,
duk ruwa ya yi awon gaba da su wajen Tibiri.

Aka kai mu lakwal, aji na uku.
Iyali bakwai ƙarƙashin allo ɗaya,
lissafin wani yaro na nan da alli, ba a goge ba:
tara a ɗebe tara.
Na daɗe ina kallon gurbin amsar.

Gaskiya ɗaya ce, ban yi addu'a ba.
Kwana goma sha ɗaya bakina ɗaure kamar bakin buhu.
In Lai'atu ta ja waƙar sujada ƙasa-ƙasa
don ƴarmu Tabita ta yi barci,
sai in juya wa bango fuska.
A zuci na ce: Ubangiji,
Kai da teku ya ji tsawarka ya kwanta,
Gulbin Maradi ne ya gagare ka?
Sauro kaɗai ya amsa.

Ran Talata Baba Ishaya ya zo,
tun daga Danja, rabi a amalanke, rabi a ƙasa.
Kuturta ta cinye yatsunsa tun ban san hagu da dama ba.
Ya rungumo ƙwarya da dungu biyu,
ya ajiye gabana: irin wake, da ɗan na zogale a ƙulle cikin tsumma.
Bai yi mini wa'azi ba.
Ya zauna kan bencin yara, gwiwoyinsa har haɓa,
ya sha shayin da Malam Sanda maƙwabcina ya miƙo,
har kofi na uku.

Da zai tashi ya ce:
"Ni shekara uku na yi ina gaba da Shi.
Bai tafi ba. Bakin ƙofa ya zauna yana jira.
Mai tabon ƙusa a tafi
ba ya ƙyamar hannu irin nawa,
balle naka da laka ce kawai ta ɓata."

Daren nan aka ɗauke wuta.
Cikin duhun na laluba kalma, ban samu ba,
sai suna ɗaya tak,
na faɗe shi kamar mai gwada ƙafa a bakin ruwa:
Yesu.
Rufin kwano bai tsage ba,
mala'ika bai sauko ba.
Hannun Lai'atu ne ya sami nawa,
ashe ita ma idonta biyu.

Lahadi na bi su majami'a, na zauna can baya.
Matan zumunta sun kawo zani biyu da tukunya.
Na so in ƙi, girman kai ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi,
sai na haɗiye.

Yanzu ruwa ya ja.
Ya bar baƙar laka a fadama, mai laushi kamar kitse,
wadda babu ɗan kasuwar da zai sayar maka irinta.
Ban ce na gane ba.
Har yau in hadari ya haɗu ta gabas, cikina na kaɗawa,
kuma keken ɗinki bai dawo ba.

Amma na buga tubali ɗari da sittin,
suna shan rana a inda ɗakinmu yake da.
Waken Baba Ishaya ya tsaga ƙasa, kunne biyu-biyu.
Jiya Tabita ta hau benci, ta goge allo da gefen rigarta,
ta zana gida mai ƙofa uku
da akuya a gindin bishiya.
Na tambaye ta, ƙofa uku na mene ne?
Ta ce ɗaya tamu, ɗaya ta baƙi,
ɗaya ta Wanda ke zaune yana jira.