Ta Kafar Waya

Shekara talatin da ɗaya ina ce wa mutane
kada su motsa.
Ɗaga haɓa. Rufe baki. Dubo nan.
Rabin katin ɗan ƙasa na Garin Malam
daga shagona ya fito,
fuskoki cik, kamar an kafe su da ƙusa.

Yau ga ni a benci na uku,
dala ɗari na biya a ƙofa.
Tsakanina da fili waya ce mai raga
da ta ɗara ni da kamu biyu.
Masu riga ruwan ɗorawa suna ciki
da takarda rataye a wuya,
da madubin hoto mai tsawon taɓarya.
Na ce wa Kyari mai gadi: ɗan ƙanena ke gudu,
lamba goma sha huɗu.
Ya ce: Baba, kowa a nan ɗan ƙanen wani ne.

Aka saki tuta.
Moto goma sha tara suka yi gurnani baki ɗaya,
benci ya kama makyarkyata a ƙarƙashina,
warin esansi ya shiga har dasashi.
Na danna. Na danna. Na ƙara.

Na duba:
waya.
Waya tangaram, kowane ƙulli, kowace tsatsa,
har da tsumman baƙar leda da ya maƙale.
Can bayanta wani jan abu ya shafe
kamar ɗanyen lalle da aka goge da hannun riga.
Na'urar nan halina ta ɗauko,
abin da ya tsaya kaɗai take ganin girmansa.

A zagaye na huɗu
wata ƴar mai ƙanƙarar tsamiya
ta dube ni tana tsotsar bakin leda:
Tsoho, ka yi mata nisa.
Mu in za mu leƙa, ido muke mannawa.

Na sauko, gwiwa tana ƙorafi,
na kai gilashi bakin kafa guda
har zafin ƙarfe ya taɓa mini kunci.
Sai waya ta narke.
Tana nan, ina jin ta a goshi,
amma ido ya daina gaishe ta.

Saura ni.
Waɗannan ba a ce musu dubo nan.
Na saki ƙugun da ya daɗe bai juya ba,
na ɗauko jan moto daga kwanar duwatsu,
na rako shi har gindin bedi,
numfashi a riƙe,
na danna ban tsaya ba.

Mutari bai ci ba.
Sarƙa ta tsinke masa a zagaye na tara,
ya turo abinsa da hannu ta gefen fili,
yara suna yi masa ihu,
shi kuma yana ɗaga musu yatsa biyu
kamar wanda aka bai wa kofi.

Da dare, bayan wuta ta dawo,
hoto ɗari biyu da shida.
Goge. Goge. Goge.
Sai guda ɗaya:
duwatsun Damagaram sun zama ruwa,
ƴan kallo sun koma zaren saƙa,
tayar gaba ba ta taɓa ƙasa ba,
a tsakiya kuma, cikin hular kwano marar gilashi,
fuska tar,
harshe a cije ta gefen hagu,
yadda Lawali kan yi in zai zura zare a allura
kafin ciwon da ya raba shi da keken ɗinki,
ya raba shi da mu.

Ba ni da hoton Lawali yana haka.
Duk sa'ad da ya zauna gabana
sai na ce ya rufe baki.

A kusurwar sama akwai wata siririyar inuwa,
ragowar waya.
Mutari ya ce abokinsa zai iya share ta.
Na ce a bar ta.
Nan ne inda na tsaya.