Kuɗin Yatsu Uku

Takardun Alasdair Geddes sun iso teburina ran Talata,
ruwan sama na bugun tagogin Aberdeen
kamar mai bin bashi.
Shekara arba'in da bakwai. Mai feɗe kifi a Peterhead.
Inji ya ci yatsu uku na hannun dama
ƙarfe huɗu da minti goma na asuba,
don murfin kariyar da aka kwance tun bara
ba wanda ya tuna ya mayar.

Sana'ata ke nan: sa wa rashi farashi.

Na jera takardun albashi, na cire haraji,
na cire makonnin da teku ta hana jirage fita.
Abin da ya rage shi ne shekarar mutum guda,
fam dubu ashirin da shida da 'yan kai.
Sai littafin jadawali, mai faɗin tsawon rai
kamar ya gana da mala'ikan mutuwa:
ya ce da zai yi aiki har sittin da bakwai,
in baya bai ƙage ba,
in masana'antar ba ta rufe ba.
Kowane "in" da kasonsa,
kowane kaso zaftarewa ne.

Lauyan inshora, Mista Pirie, ya rubuto:
ai zai iya gadi,
zai iya zaman karɓar kuɗi a kanti.
Sauran ƙarfin nema, in ji shi. A cire.
Har hoto ya haɗo:
ga mutumin nan ɗauke da ledar cefane a ƙofar gidansa.
Da hagu ya riƙe. Bai lura ba,
ko ya lura.

Ran Alhamis suka zo, shi da matarsa Ishbel.
Ta ajiye mini ɗan littafi mai warin albasa,
ta rubuta komai da fensir:
ɓalla maɓallan riga, minti shida.
Yanka masa nama, minti huɗu.
Ɗaure igiyar takalmi.
Daren da ya jefar da kofi ya yi kuka, awa biyu,
sannan ta soke layin.
Na ce za a biya awoyinta a farashin mai jinya,
amma a rage kashi ɗaya cikin huɗu
tunda ba haya aka ɗauke ta ba.
Ta ce, "Wato ƙauna da rangwame take zuwa."
Na gyara tabarau.

Shi bai ce uffan ba sai can.
Ya ce duk Asabar yakan ja goge
a wani ɗan zaure kusa da tashar jirage,
ba don kuɗi ba.
Na ce akwai layin wannan:
zafin ciwo da rashin daɗin rayuwa,
alƙalai sun yanka masa iyaka, ƙasa da sama.
Ya gyaɗa kai.
Ya ce da dare yatsun kan yi masa ƙaiƙayi,
waɗanda babu ɗin.
"Wannan fa, a wane layi?"

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
amma an ce yana iya ɗaukar biro.
Bayan wata tara na ja-in-ja
aka tsaya a dubu ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Ya sa hannu da hagu,
harufan na tangaɗi kamar na ɗan aji ɗaya,
har ya nemi gafara a kan munin rubutun.

Lissafin daidai yake.
Sau uku na bi shi, ko kwabo bai ɓace ba.

Da na tashi kashe fitila
na ga ya manta safar hannunsa a kan kujera,
ta ulu, ruwan toka.
Ishbel ta naɗe yatsu uku ciki
ta ɗinke bakinsu da baƙin zare.
Ɗinkin nan ba ya cikin littafinta.
Na duba.