Matar da ke Saman Bata

Ranar wata Talata suka kafa allon,
kafin in gama buɗe lemata a Bata.
Mutum huɗu da tsani, suna gardama kan ƙusa.
Da suka sauko, sai ga mace a sama,
hular soja ta ɗan karkace,
baƙa ce kamar ni, har da wushirya.

An rubuta: 'Yar'uwa, ƙasa na kiranki.

Ni dama kirana ake yi duk yini.
Ke mai cirar kuɗi. Ke 'yar Sabon Gari.
In ciniki ya yi zafi, ke 'yar ƙabila.
Shekara ashirin da biyu a garin nan
ba wanda ya ce mini 'yar'uwa
sai takarda mai tsayin bene.

Wanda ya tsara hoton ya san aikinsa.
Ya ɗaure mata maɓalli har maƙogwaro,
ba ka ganin sarƙa, balle abin da ke rataye.
Sunan ƙirjinta ya dusashe kamar an hura masa hayaƙi,
ko Rakiya ce, ko Obiageli,
ko ni, Bilhatu.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
albashi, asibiti, ɗakin kwana, karatu.
Na karanta su kamar mai azumi na karanta allon mai abinci.

Mama tana juya masa, ba ta ko ɗaga kai ba.
Ta ce mai talla ba ya cewa kayansa sun kwana.
Kakin Kawu Istifanus yana ƙasan akwatinta
cikin warin kafur,
shi kaɗai ya dawo, da wasiƙa.
Na ce, Mama, a can lamba ake kira,
kowa takalmi iri ɗaya.
Ta ce, har rami ma iri ɗaya,
miƙo mini ludayi.

Duk da haka na je wurin yaron kwamfuta.
Tsayi? Na faɗa. Nauyi? Na faɗa.
Jiha? Na ce Kano.
Ya dube ni ta saman tabarau.
Na ce a Nomansland aka binne cibiyata,
na san kowane rami daga nan zuwa Kurna,
Hausar da nake mafarki da ita ta nan ce.
Ya ce kawo takardar asali.

A sakatariya Malam Tasi'u ya ba ni kujera,
har da ruwan leda, mutumin kirki.
Ya ce, 'yata, ina garin kakanki?
Na faɗi wani ƙauye bayan Zonkwa
inda sau ɗaya na je, wata jana'iza,
suka yi ta dariyar gaisuwata,
suna ce mini Bakanuwa.
Ya ce, to can za ki karɓo.
Ƙasa na kirana, amma sai na nemo
wanda zai sa hannu cewa daga wani wuri nake.

Daren Lahadi aka yi ruwa da iska.
Da safe gefen allon ya ɗaye,
sai ga tsohon talla a ƙarƙashi:
tukunyar miya, hannu riƙe da ɗanɗano,
da rabin murmushi mai wushirya.
Na daɗe ina kallo. Ita ce.
Ashe bara miya take sayarwa.

Na yi dariya har mai lemu ya tambaye ni lafiya.

Kuɗin motar Zonkwa na cikin gwangwanin madara,
saura dubu uku su cika.
Da asuba ina zagaya filin sukuwa sau biyu
da takalmin ƙanena, na cusa tsumma a gaba.
In na dawo ta Bata ina haki
ba na sara mata.
Nakan dai ce, sannu da aiki,
ke ma an biya ki kuwa?